Ruwan Ƙanwar Maigida

Shekarar da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma dama, ita ce shekarar da na hau jirgin sama, ban kuma sake hawa ba har yau. Duk tsohon direba a Accra yana tuna wannan shekara. Rediyo ba ta da zance sai shi. A tashar Tudu direbobin trotro, motocin hayarmu, suna ta rantsuwa cewa ranar da za a juya, sai an kwashi mutane da shebur a kan titi.

A lokacin ni direba ne a wurin wani tsoho mai shagon yadi kusa da Kasuwar Makola. Mutumin Labanan ne, ko da yake mu a unguwar Nima duk farin da ke sayar da yadi Siriya muke ce masa. Ya zo ƙasar nan tun yana saurayi, ya daɗe a zangon Kumasi kafin ya sauko Accra, saboda haka Hausa yake yi da ni. Ni ina ce masa Maigida, shi yana ce mini Direba. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, ban kuma taɓa jin zagi ba.

Wata rana muna hanyar komawa gida ya ce, "Direba, kana tsoron hannun dama?"

Na ce, "Maigida, wa ba ya tsoro?"

Ya ce, "A garinmu tun da aka haife ni dama ake bi. Zo mu je ka koya a can. In mun dawo, kai ne malamin Tudu."

Na ɗauka wasa ne. Ashe ciwon ƙafa ya matsa masa, ba ya iya hawa matakala sai da kafaɗar wani, 'ya'yansa kuma ba wanda zai bar shago. Yana so ya ga ƙauyensu, bayan shekara kusan arba'in rabonsa da shi.

Yanzu gemuna ya yi fari, ina zuwa ajin manya a Maamobi bayan la'asar, inda muke koyon boko. Malaminmu ya ce kowa ya rubuta wata tafiya da ya taɓa yi. 'Yan ajinmu suka ce in rubuta jirgin sama. Jirgin ba shi da labari, don ido na rufe tun daga tashi har sauka. Labarin yana ƙauyen.

Amma sai na fara da famfon unguwarmu, in ba haka ba, ba za a gane ni ba. Na tashi a gidan haya a Nima, kusa da babbar kwata. Famfo ɗaya ne a layinmu, shi ma sai ya ga dama. In ya kawo, sai ka ji an kwarma, "Ruwa ya zo!" kowa ya fito da abin da ya samu, bokiti, garwa, tukunyar tuwo. Mu yara mu ake aikawa layi. Na koyi haƙuri a layin nan kafin in koye shi a makarantar allo. Doka guda ce kowa ya sani ba tare da an faɗa masa ba: in ka ga famfo yana zuba ba kowa, ka rufe shi, sannan ka nemi wanda ya bari ka ci masa mutunci. Mahaifiyata ta taɓa marin wani ƙato a kan haka, mutanen layi suka ce ta yi daidai. A wurinmu ruwa mai kyau a cikin mazubi yake zama. Wanda ka ga yana tafiya a ƙasa shi kaɗai, ya riga ya lalace.

Daga filin jirgi mota ta ɗauke mu ta bi bakin teku, sannan ta juya ta fara hawan dutse. Ta yi ta hawa tana murɗewa har kunnuwana suka toshe. Inda titi ya ƙare, nan ƙauyen ya fara. Cikin gari ba hanyar mota, sai matakala da lungu, sai jakuna. Hannun dama da aka kawo ni in koya, ko sitiyari ban taɓa ba har muka dawo.

Gidajensu na dutse ne, wani a kan wani, rufin wannan shi ne tsakar gidan wancan. Kowace ƙofa da rumfar inabi. In ka tsaya a dandalin gari da hantsi ka dubi ƙasa, sai ka hango teku can nesa kamar an shanya shuɗin yadi. Lokacin zafinsu ne, wata da watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba, duwatsu duk sun yi fari, amma lambunan da suka sassaƙa a jikin dutsen, hawa-hawa, kore shar.

Kwanakin farko aikina shi ne in ba Maigida kafaɗa ya zaga da ni. Ya nuna mini gidan gurasa, tanda ɗaya ta gari duka, inda mata ke kawo ƙullunsu a faranti a ka, a gasa musu, su bar wa mai tanda nasa rabon a cikin gurasar. Ya nuna mini ɗakin matsar man zaitun, a rufe saboda ba lokacinsa ba ne, muka leƙa ta taga muka ga dutsen niƙa da ya fi tayar babbar mota. Da shago ɗaya mai sayar da komai, daga allura har kananzir, a nan kuma tarhon gari yake. Da wanzami mai kujera ɗaya. Da ƙaramin masallaci. Ya kai ni kabarin mahaifinsa, ya daɗe a tsaye har kafaɗata ta yi tsami.

Daga saman gari akwai idon ruwa mai fitowa daga cikin dutse, sanyinsa har haƙori. An yi masa ɗan bututu inda mata ke cika tulu. Abin da ya ragu yana gangarawa cikin wani tafki da aka gina da dutse, faɗinsa kamar ɗakin haya biyu. Mun zauna a bakinsa ni da Maigida, yana ba ni labarin yadda suke faɗawa ciki suna yara, mahaifinsu yana bin su da sanda. Na ga wata 'yar magudana ta fita daga gindin tafkin ta bi gefen hanya ta yi ƙasa. Ban tambaya ba. Na ɗauka kwata ce.

Ba a gidan su Maigida muka sauka ba. Wani ɗaki aka ba mu a saman shagon mai gahawa. Shi mai gahawan tsoho ne mai ƙaton ciki, ya yi shekaru a Kano yana sayen gyaɗa kafin ya koma gida, Hausarsa ta tsufa amma ba ta mutu ba. Ranar farko da ya ji ni na yi sallama, sai ya buga tebur.

"Daga ina?"

"Accra."

"Ɗan Gwanja! Ina goro? Ka zo tun daga Gwanja hannu rabbana?"

Na ciro masa guda biyu daga aljihu, don mahaifiyata ta ƙulla mini a ganye. Ya ɓantara, ya rufe ido, ya ce tun da ya baro Kano bai ɗanɗana ba. Tun daga nan ya zama bakina da kunnena a garin. Shi ne ya gaya mini abin da Maigida bai taɓa gaya mini ba.

Maigida yana da ƙanwa, ita kaɗai ta rage masa a ƙauyen. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni. Makullin gidan mahaifinsu yana hannunta, ita ce kuma ke noma lambun da ya bari. Lokacin da Maigida zai tafi Afirka, ba shi da kuɗin jirgin ruwa, sai ya sayar wa wani maƙwabcinsu rabin ruwan lambun, bai shawarce ta ba. Ban gane yadda ake sayar da rabin ruwa ba, ban kuma so in nuna ban gane ba, sai na kaɗa kai. Mai gahawa ya ce tun daga ranar ba ta ƙara kiran sunan yayanta ba. Duk abin da ya aiko mata daga Accra, mayarwa take yi.

"To me ya kawo shi?" na ce.

"Ɗan Gwanja, kai ba ka ga ƙafarsa ba? Yana so ta buɗe masa ɗakin ubansa. Yana so in abin ya zo, ya same shi a nan."

Na fara ganinta a gidan gurasa. 'Yar gajeriya, baƙaƙen kaya, farin ɗankwali, tana ɗingishi kaɗan. Hancinta da na Maigida ɗaya. Ta wuce mu kamar an jingina tsani biyu a bango. Maigida bai yi fushi ba. Kullum da safe sai mu je mu zauna a kan dakalin da ke kallon gidan gurasa, ta wuce, ya gaishe ta, ta yi shiru. Muka yi ta yin haka. Dattawa suka yi ta kai da komo. Wata safiya ta wuce, sai ta dawo da baya, ta ɗauki gurasa ɗaya mai zafi ta ajiye a kan dakalin tsakanina da shi, ta tafi. Maigida ya gutsura ya ba ni.

Da yamma liman ya kawo saƙo: ran Juma'a bayan masallaci, ya zo gidan mahaifinsu ya ci abinci. Maigida ya sa aka sayo ɗan rago. Ya je wurin wanzami. Don murna, duk wanda ya shigo shagon gahawa ranar sai ya saya masa, har da maƙwabcin nan da ya sayi rabin ruwan, wanda shi ma ya tsufa. Suka zauna tebur ɗaya suna dariya, gari duka yana gani.

Ran Laraba bayan sallar asuba ban koma ɗaki ba. Na ce bari in hau in ɗebo wa Maigida ruwan sanyi daga bututu kafin mata su taru. Gari ya fara wayewa, rana ba ta leƙo daga bayan dutse ba tukuna. Tun daga nesa na ji ƙara. Da na isa, sai na ga ruwa yana ɓulɓulowa daga wani rami a gindin tafkin, kaurinsa kamar cinyata, yana faɗawa cikin magudanar nan yana gudu. Ruwa garai-garai, wanda a layinmu za a yi dambe a kan kofi ɗaya. Na duba hagu, na duba dama, ba kowa. A kan bangon tafkin ga wani guntun itace an naɗe shi da tsumma, a jiƙe. Ko ba a faɗa ba, matoshin ramin ne.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, ashe yaran banza har nan akwai su. Na naɗe wando, na shiga cikin sanyin nan, na cusa itacen a ramin. Ruwan ya ture ni, na sake. Na samo dutse na buga, na buga, har ya zauna daram, ko ɗigo ba ya fita. Na tsaya ina kallon magudanar tana tsanewa, ina jin daɗi. Na cika butar Maigida na gangaro.

Yana zaune a shagon gahawa da wasu dattawa. Na ajiye buta na ce, "Maigida, yau na yi wa garinku aiki."

"Wane aiki, Direba?"

Na ba da labari tiryan-tiryan, har ina nuna yadda na buga dutsen. Mai gahawa yana zuba wa wani, sai ya tsaya da butar a sama.

"Yau wace rana?" ya tambayi Maigida da Hausa. Sannan ya juya ya yi wa dattawan magana da harshensu. Ɗaya ya dafe kai. Na ga fuskar Maigida ta canza, kamar yadin da rana ta ci.

"Ɗan Gwanja," in ji mai gahawa, a hankali, ba irin muryarsa ta kullum ba. "Wannan ba kwata ba ce. Hanyar ruwan lambu ce. Tafkin nan yakan kwana yana cika. Kowane gida da ranarsa. Mai rana ya zo da asuba ya cire matoshi, ya gangara lambunsa ya tari ruwan, ya raba shi fangali-fangali. In rana ta sauko ta taɓa bakin tafkin, nasa ya ƙare, sai na gaba."

Na ce, "To ranar wa ce yau?"

Duk suka juya suna duban ƙasan gari. Na waiga inda suke kallo. Tana hawowa matakala daga ƙasan gari, fartanya a hannu, tana tsayawa tana dafa gwiwa. Lambun yana can ƙasa sosai. Ta jira ruwa, ya zo kaɗan ya ɗauke, ta ƙara jira ko zai dawo, sannan ta kamo hawa da ƙafar nan tata. Rana kuwa ta riga ta cika gari.

Na ce bari in ruga in cire. Mai gahawa ya riƙe mini riga. Ya ce an riga an cire. Wanda ke bin ta a layi ya je a kan lokacinsa, ya tarar da tafki cike, ya gode wa Allah. Wanda ke bin ta kuwa ba kowa ba ne illa maƙwabcin nan. Ruwan da na hana zuba, kaf ɗinsa lambunsa ya tafi.

Ta iso dandali. Labari ya riga ya tare ta a hanya. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ta tsaya a gaban yayanta ta yi magana, ba da ƙarfi ba, ba ta kuma daɗe ba. Ta nuna teburin da suka sha gahawa shi da maƙwabcin. Maigida ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi, ni kuma na kasa matsawa in ba shi kafaɗa. Ta juya ta tafi.

Daga baya mai gahawa ya fassara mini. Cewa ta yi, "Da ka sayar da rabi, da hannunka ka yi. Yanzu ka yi arziki, sai ka aiko baranka."

Ban san inda zan sa kaina ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Da Maigida ya zage ni, ko ya ce in tattara in koma Accra a ƙafa, da na ji sauƙi. Amma abin da ya ce kawai shi ne, "Direba, ba ni ruwan nan in sha." Ya sha ruwan da na ɗebo.

Ran Juma'a bayan masallaci muka je ƙofar gidan, shi da sabon aski. A rufe. Ya ƙwanƙwasa, ya jira, ya ƙara. Naman ragon maƙwabta aka raba wa.

Na tambayi mai gahawa yaushe ranarta za ta sake zagayowa. Ya ce da sauran tafiya, tun da rabi gare ta, sai an zaga gari. A zafin nan, wake da tumatir ba za su jira ba, ga kuma dashen tuffa da ta sa bana. Na ce a roƙi maƙwabcin ya mayar mata da yini ɗaya. Ya ce an roƙa, ya ce shi bai saci komai ba. Ita kuma ko ya bayar ba za ta karɓa daga hannunsa ba.

"In lambun ya tashi fa?" na ce.

Ya ɗaga kafaɗa. "Wa ya sani? Mace ce da ke son shukarta fiye da mutane. In ta ga kore, wataƙila ta huce."

Abu ɗaya na iya a duniya kafin tuƙi, shi ne ɗaukar ruwa. Na ari garwar kananzir a shago, na wanke ta da toka, na yi gammo da rawanina. Ruwan bututu na sha ne, ba shi da rana, kowa na iya ɗiba. Sai dai siririn ruwa ne, kuma na mata ne. Na koma gefe na tsaya sai kowace ta cika tulunta, sannan in tara garwata. Layi ba baƙona ba ne. A garin namiji ba ya ɗaukar ruwa a ka. Ranar farko mata suka yi ta dariya suna rufe baki da ɗankwali, maza suka fito ƙofar shagon gahawa suna kallo. Mai gahawa ya ɗaga murya ya ce, "Amarya, a sauka lafiya!" Na ce, "Allah ya kai mu naka bikin." Aka yi dariya, amma ni ba dariya a cikina.

Daga bututu zuwa lambun, sai ka ratsa gari duka, gangara, sannan ka hawo. In na juye garwa a gindin shuka, ƙasar takan shanye kafin in miƙe, kamar ban zuba komai ba. Na ga wake ya riga ya sunkuya, na bar shi, na bi dashen tuffa da tumatir. Ina kai Maigida dakali da safe, in ɗauki garwa, in dawo da azahar in kai shi masallaci, in koma. Wuyana ya ƙage. Tafin ƙafata ya fashe. Bayan 'yan kwanaki mata suka daina dariya, wata ma takan janye tulunta ta ce in fara.

Ita tana lambun kullum. Tana ganina, ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce mini komai ba. Wani lokaci in na zo zan zuba a wani wuri, sai ta nuna wani da bakin fartanya, in bi.

Ana saura kwana kaɗan mu tafi, ta aika a kira mai gahawa. Ya gangaro yana haki yana tsine wa matakala. Muka zauna a inuwar ɓaure, ita a kan dutse, ni a tsugune. Ta yi magana, yana juya mini.

"Ta ce, a garinku ruwa ba ya tafiya shi kaɗai?"

Na ce, "Yana tafiya, Inna. Amma sai wanda ya lalace."

Na ba ta labarin famfonmu, da layi, da marin da mahaifiyata ta yi wa ƙato. Da aka juya mata wannan, sai na ga gefen bakinta ya motsa. Zuciyata ta ce an gama, ta huce. Na yi sauri na ce ya gaya mata, wallahi Maigida bai aike ni ba, bai ma san na fita ba.

Ta ce ta sani. Ta ce wanda aka aika ya yi ɓarna ba ya dawowa da garwa a ka. Sannan ta ci gaba, mai gahawa yana juyawa, muryarsa tana raguwa.

"Ta ce kai baƙo ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne, ba ta riƙe ka ba. Amma wanda ya kawo ka, a garin nan aka yanke masa cibiya. Ya nuna maka tanda, ya nuna maka wanzami, ya nuna maka kabari. An gan ku zaune a bakin tafki. Me ya gaya maka a wurin?"

Na dubi garwata.

"Ta ce ka faɗa."

Na ce, "Ya ce suna wanka a ciki suna yara."

Ta kaɗa kai. Ta ce shi wanka ya tuna. Ita kuwa shekara arba'in tana hawa dutsen nan da asuba saboda rabin da ya bar mata. Ta ce da mugunta ce ya yi mata, da ta san har yanzu yana tuna ranarta. Mantawa ya yi. Wanda ya manta ranar ruwan gidansu, me zai yi da ɗakin?

Ta tashi ta tsinko ɓaure ta cika mini garwar, ta ce in kai wa mahaifiyata mai mari.

Da na koma, Maigida yana kan dakali. Ya ga ɓauren, idonsa ya yi haske. Ya ce, "Me ta ce?" Na so in rage, amma ban saba yi masa ƙarya ba. Na faɗa masa duka. Ya daɗe yana kallon gidan gurasa. Can ya ce, "Ta yi gaskiya. Ni ya kamata in gaya maka." Wannan magana ta fi mini zagi ciwo, don na san da na tsaya na tambayi ko mutum ɗaya kafin in ɗauki dutsen nan, da ran Juma'a ya ci abinci a gidan ubansa, da wataƙila ba za ta taɓa sanin ya manta ba.

Ranar tafiya ba ta fito ba. Maigida ya ce ba komai, baɗi ma rana ce, zai dawo ya sake zama a dakali. Muka iso Accra muka tarar motoci sun koma dama, ba a kuma kwashi kowa da shebur ba. Abokaina a Nima suka taru suna tambayata ƙasar Turawa, na ce musu ba ta Turawa ba ce, na ba su labarin tanda da teku da jakuna. Ɓauren bai iso ba, ya ruɓe a hanya. Na dai gaya wa mahaifiyata an aiko mata.

Da shekara ta zagayo yaƙi ya tashi a ƙasarsu, hanya ta rufe. Na ci gaba da tuƙa shi har ƙafar ta kwantar da shi. A nan Accra muka binne shi. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa.

Da safen da za mu baro ƙauyen na gangara lambun ni kaɗai na duba. Fangalin wake uku, duka sun tafi. Tumatir, rabi. Dashen tuffa bakwai ne, huɗu sun bushe. Sai ɗan rago ɗaya da maƙwabta suka ci. Sai kwana a ɗakin ubansa, wanda Maigida ya ƙetare teku dominsa, bai samu ko ɗaya ba.